Juyen baƙin mai a gida

Idan mutum ya goga tafin hannuwansa biyu da ƙarfi, zai ji suna yin zafi. In ya shafa musu man gyaɗa ya sake gogawa, sai su riƙa santsi, zafin kuma ya ragu. Abin da ke faruwa cikin injin mota ke nan. Sai dai a can ba fata ke gugar fata ba, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe.

A cikin inji akwai waɗansu ƙarafa masu kama da gwangwani, ana ce musu fistin. Yawancin ƙananan motoci huɗu gare su. Kowane yana hawa yana sauka cikin raminsa, kamar taɓarya cikin turmi. Fetur ne ke kama wuta bisa kansa, ya tura shi ƙasa. Su kuma fistin ɗin suna juya wani babban ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe, shi ne ke aika ƙarfi zuwa ƙafafun mota. Sa'ad da mota ke gudu bisa kwalta, wannan ƙarfe yakan juya sau 3000 cikin minti ɗaya, watau sau 50 cikin daƙiƙa guda. Ƙarafan da ke wannan gudu, in suka haɗu babu kome tsakaninsu, cikin ƴan mintoci za su yi zafi, su narke, su liƙe da juna. Shi ne direbobi ke cewa inji ya buga.

Abin da ke hana wannan ɓarna shi ne baƙin mai. Sunan ne kawai baƙi: sabonsa launin zuma gare shi, aiki ne ke baƙanta shi. Yana zaune cikin wani kasko na ƙarfe a can ƙarƙashin inji. Da an ta da mota, wani ƙaramin famfo ya tsotso shi, ya bi da shi cikin matacin mai, wanda makanikai ke kira filta, sa'an nan ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. A can yakan shimfiɗu, ya yi wata ƴar fata wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Bisa wannan ƴar fata ce ƙarafan ke zamewa. In ya gama, sai ya tsiyayo ya komo cikin kasko, famfo ya sake ɗaukarsa.

Ba santsi kaɗai ne aikinsa ba. Yana kwaso zafi daga wuraren da ruwan inji ba ya kaiwa. Yana toshe ɗan tsakanin da ke akwai tsakanin fistin da bangon raminsa, don kada ƙarfin wuta ya zurare. Yana hana tsatsa. Kuma yana wanke inji: toka da kunkunniya da ɗan garin ƙarfe, duk shi ke kwashe su, ya kai manyan ga filta, ya riƙe ƙananan cikin jikinsa.

Mai yana gajiya

Kowa ya san man da mai tuyar ƙosai ke aiki da shi. Da safe fes yake. In aka daɗe ana tuya cikinsa, sai ya yi duhu, ya yi kauri, ya soma ɗaci. Baƙin mai ma haka yake. Zafinsa cikin inji yakan kai digiri 100, wani lokaci ya wuce. Zafi da iska suna dafa shi a hankali. Ɗan fetur da bai ƙone ba yana zurarowa cikinsa ya tsinka shi. Tururin ruwa ma yana shiga. Magungunan da masu yinsa suka zuba masa don wanki da hana tsatsa suna ƙarewa. Daga baya sai ya zama wani taɓo mai danƙo, ya toshe ƙananan hanyoyin nan da ya kamata ya bi.

Akwai masu mota da yawa da ke cewa su ba su barin mai ya ƙare, kullum suna ƙarawa. Ƙari yana da kyau, amma ƙari ba juye ba ne. Wanda ya zuba ruwa mai kyau cikin randar da ba a wanke ba, bai sami ruwa mai kyau ba, ya dai sami randa cike. Dattin da ke cikin tsohon mai yana nan, ba inda ya tafi. Ba ya fita sai an buɗe ƙasan kasko an tsiyaye man duka. Wannan aiki shi ake kira juye, waɗansu su ce bidanji.

Filta ma tana cika. Masu ƙera inji sun yi mata wata ƴar ƙofa ta gefe. In ta toshe, ƙofar ta buɗe, mai ya wuce ba tare da an tace shi ba, domin ƙazamin mai ya fi babu. Direba ba zai ji wata ƙara ba, ba zai ga wata fitila ta kama ba. Mota tana tafiya lafiya lau, alhali kuwa yashi da garin ƙarfe suna cin injin daga ciki.

A ƙasar Sahel mai ya fi saurin gajiya. A watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. Lokacin hunturu kuma iska tana cike da ƙura. Motar da ke bin hanyar burji ko rairayi zuwa kasuwannin ƙauye tana shaƙar ƙura fiye da wadda ke bisa kwalta. Ƙurar nan kuwa ɗan dutse ne niƙaƙƙe. In ta sami shiga mai, sai ta riƙa cin ƙarfe kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa.

Saboda haka ne makanikai suka saba cewa a yi juye bayan kowane kilomita 5000. Akwai sabbin motoci da irin man zamani da ke kai kilomita 10000 ko fiye, amma su ma masu ƙera su sun rubuta cewa a rage wa'adin inda ƙura da zafi suka yi yawa. Abin da ke cikin littafin motar shi ne abin bi. Kilomita 5000 kamar da yawa ne, amma a lissafa. Tsakanin Maraɗi da Damagaram akwai kusan kilomita 240. Motar haya da ke zuwa ta komo kullum tana cin kilomita 480 a yini. Kafin kwana 11 ta cika wa'adinta. Ita kuwa motar da ba ta fita sai jifa-jifa, kada a bar mai ya shekara cikinta, ko da ba ta yi tafiyar kirki ba, gama yana lalacewa ko a zaune.

Launi ba ya nuna ko mai ya gaji. Injin gazwal yakan baƙanta sabon mai cikin kwana ɗaya ko biyu, man kuwa yana nan da ƙarfinsa. Agogon kilomita shi ne shaida.

Wane mai za a saya?

A jikin kowane galan na baƙin mai akwai lambobi, kamar SAE 40, ko 20W-50, ko 15W-40, ko 5W-30. Kaurin man suke nunawa. Lambar farko, mai harafin W, tana faɗin yadda man ke gudana sa'ad da inji ke da sanyi. Ta biyu tana faɗin kaurinsa in inji ya yi zafi. Babbar lamba, mai kauri. Ƙarama, mai ruwa-ruwa.

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, da 504 ta 1968, wadda daga baya aka riƙa haɗawa a Kaduna, suna son mai kauri kamar 20W-50, kuma wajen lita 4 suke sha. Sabbin injuna kuwa hanyoyin mansu ƙanana ne ƙwarai, mai ruwa-ruwa suke bukata. Wanda ya zuba musu mai kauri don yana ganin shi ne mai ƙarfi, ya cuce su: da safe man zai daɗe bai kai saman inji ba, ƙarafa suna ta gugar juna a bushe.

Sai kuma a yi hattara da man da ake sayarwa cikin kwalabe marasa suna a bakin hanya. Wani na ƙwarai ne, wani kuwa tsohon mai ne aka tace da tsumma. Ido ba ya iya rarrabe su. Araha ba ta ado. Galan rufaffe, wanda ba a taɓa ɓalle murfinsa ba, shi ya fi kwanciyar hankali.

Shiri

Aikin bai fi rabin awa ba, kayansa ma ba su da yawa. Ana bukatar sabon mai daidai yawan da injin ke sha, da sabuwar filta irin ta motar, da sabon ɗan zoben tagulla ko na alminiyum da ake sa wa notin kasko. Ana bukatar sifana, wadda ake kira kile, daidai da kan notin. A motocin Toyota da yawa mai lamba 14 ce. Sai tsohuwar tasa mai faɗi wadda ta fi ƙarfin man da zai fito, da mazurari, da tsumma mai tsabta, da bidon da za a zuba tsohon mai. Tasar nan ta zama ta wannan aiki kaɗai, kada ta sake komawa madafa.

A ajiye mota a wuri mai daidai, mai tauri, a fili. A ta da inji ya yi minti 5 ko 10, domin mai ɗumi ya fi gudu, kuma yana fitowa da dattinsa. Ba a ta da inji cikin rufaffen ɗaki ko zaure: hayaƙinsa yana da wata guba marar wari da ke kashe mutum. In motar daga tafiya ta dawo, a jira ta huce wajen rabin awa, gama man ya fi tafasasshen ruwa zafi. Bayan an kashe inji a zare makulli a sa aljihu. A ja birkin hannu, a sa giya, a tokare ƙafafu da duwatsu gaba da baya.

Motoci masu tsawo, irin na ɗaukar kaya, ana iya shiga ƙarƙashinsu ba sai an ɗaga ba. Ƙaramar mota kuwa sai an ɗaga ta. A nan ne babban haɗarin aikin yake. Jak don ɗagawa aka yi shi, ba don riƙewa ba. Yana iya zamewa, yana iya nutsewa cikin rairayi, yana iya saki da kansa. Ƙaramar mota ta fi kilo 1000, nauyin buhun gero 10 manya ke nan. Ƙirjin mutum ba ya ɗaukar wannan. In an ɗaga, sai a sa ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, ko manyan gungumen itace masu ƙwari, a sauke nauyin bisa kansu, a girgiza motar a gani ko ta zauna. Tubalin laka da bulo mai rami ba su da amana, suna fashewa farat ɗaya. Yara ƙanana su tsaya nesa. Babba guda ya tsaya kusa, saboda ko-ta-kwana.

Juyen kansa

Da farko a buɗe murfin da ake zuba mai a saman inji, don iska ta shiga man ya sauka da sauri. Sa'an nan a shiga ƙasa a nemi notin kasko. A duba da kyau: akwatin giya yana kusa, shi ma yana da nasa noti. An sha samun waɗanda suka juye man giya, suka ƙara sabon mai bisa tsohon man inji, suka tashi da ɓarna biyu.

A sa tasa, a ɗan matsar da ita gaba, domin man ba ya faɗowa tsaye, tsartuwa yake yi. A kwance noti ta hagu. In ya saki, a ƙarasa da yatsu ana danna shi ciki, sai a zagaye na ƙarshe a janye hannu da sauri. Man zai zubo da ƙarfi, ya koma siriri kamar zare, ya koma ɗigo. A ba shi minti 10 ko 15. Kada a ta da inji don a kore sauran, kada kuma a zuba kananzir ko gazwal wai don wanki. Abin da ya saura ciki zai tsinka sabon man.

Kafin a kawar da tasar, ya kamata a dube ta a hasken rana, domin tsohon mai yana ba da labarin inji. In baƙi ne sumul, lafiya. In yana ƙyalli da ɓarɓashin ƙarfe, wani abu yana cinyewa a ciki. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. In yana warin fetur ƙwarai, fetur yana zurarowa. Waɗannan uku ba aikin gida ba ne, sai a kai wa bakanike tun abin bai girma ba.

Sai filta. Ita ma ta hagu ake kwance ta. In ta ƙi hannu, akwai abin kwance ta mai ɗamara ko sarƙa. Cike take da mai, a riƙe ta a tsaye. A bakinta akwai zoben roba. Wani lokaci tsohon zoben yakan liƙe a jikin inji. In ba a lura ba aka ɗora sabuwa a kansa, zobe biyu ba su riƙe mai: mota tana hawa hanya man zai tsiyaye duka. A share wurin da tsumma. A tsoma yatsa cikin sabon mai a shafa wa zoben sabuwar filta. A murɗa ta da hannu har zoben ya taɓa jikin inji, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye guda. Ya isa. Ba a ɗaure filta da ƙarfe.

A share noti, a sa masa sabon zobe, a soma murɗa shi da yatsu don ya hau daidai, sa'an nan a ƙarasa da sifana. A ɗaure shi ya kama, amma ban da nuna ƙarfi. Wanda ya sa wa sifana bututu ya taka da ƙafa zai cinye haƙoran kasko, gyaran kuwa ya fi kuɗin mai nesa ba kusa ba.

Yanzu a sauke mota ta zauna daidai. A sa mazurari, a zuba mai a hankali, a rage kamar rabin lita. In iska tana kaɗawa da ƙura, a kare bakin da tsumma. A jira minti biyu ko uku man ya sauka. A zaro sandar awo, a share ta, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Tana da alama biyu, ta ƙasa da ta sama. A motoci da yawa abin da ke tsakaninsu kusan lita 1 ne. Mai ya tsaya kusa da ta sama, kada ya wuce ta. In ya yi yawa, babban ƙarfen nan mai juyawa yana bugunsa har ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce, ba ta raba ƙarfe da ƙarfe.

A rufe murfi, a ta da inji, ban da taka totur. Jar fitilar mai, mai hoton buta, za ta kama na ƴan daƙiƙoƙi kafin filta ta cika, sa'an nan ta mutu. In ta ƙi mutuwa, a kashe inji nan take. In ta mutu, a bar shi ya yi minti biyu, a leƙa ƙasa a ga ko noti ko filta na ɗigo. A kashe, a jira minti 5, a sake awo. Za a tarar man ya ɗan sauka, filta ce ta sha. Sai a cika da sauran.

Tun hannu bai huce ba a buɗe matacin iska a duba shi, tun da ta nan ƙura ke neman shiga. In ya toshe ko ya yage, a sake shi. Sa'an nan a rubuta ranar da lambar da agogon kilomita ya nuna cikin ɗan littafi, a ajiye a mota. Babur ma haka ake yi masa, sai dai shi wajen lita 1 yake sha, kuma wa'adinsa ya fi kusa.

Tsohon mai

Saura lita 4 na baƙin abu cikin tasa. Mutane da yawa sukan kife shi bayan gida ko cikin kwata, su ce ƙasa za ta shanye. Ƙasa tana shanyewa, amma ba ta narkar da shi. Yana nan shekara da shekaru. Inda ya zuba ciyawa ba ta fitowa. Ruwan damina yana tura shi ƙasa, ko ya kwashe shi zuwa tafkin da dabbobi ke sha. A wuraren da ruwa ke kusa, kamar fadamu da bakin gulbi inda ake noman rani, yana iya kai wa rijiya. Masana sun ƙiyasta cewa lita 1 ta tsohon mai ta isa ta ɓata ruwan sha lita miliyan 1.

A da, fetur yana da dalma a ciki, tana kuma taruwa cikin baƙin mai. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan fetur a farkon 2006. Duk da haka tsohon mai bai zama mai lafiya ba. Yana ɗauke da garin ƙarafa da ragowar ƙuna waɗanda, in suna yawan taɓa fata, suna iya kawo ciwon daji. Don haka ba magani ba ne. Ba a shafa shi ga miki ko ƙuna. Ba a shafa wa raƙumi ko akuya don ƙazwa ko kaska: dabbar tana lasarsa, fatarta kuma tana tsotse shi. Ba a hura wutar girki da shi. Masu shafa wa itace don gara su nisanta shi daga rumbun hatsi da itacen bakin rijiya.

A juye shi da mazurari cikin galan ɗin da sabon ya fito, a rufe da kyau. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo ko ta man girki, yaro yana iya ɗauka ya sha. Kada a gauraya shi da ruwa ko fetur. Tsohuwar filta a kife ta cikin tasa ta kwana tana tsiyaya, sa'an nan a ƙulle ta cikin leda. A kai su garaji ko gidan mai inda ake tara irinsa, domin tsohon mai ana iya sake tace shi a masana'anta ya koma aiki. Kafin a samu kaiwa, a ajiye galan ɗin a inuwa, nesa da wuta da rijiya, inda hannun yara ba ya kaiwa. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu da ruwa, ba da fetur ba, kafin ya taɓa abinci.